Abin Da Ke Ran Uwar Da Ta Ɓoye Ɗanta Ranar Rigakafi



Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, ma'aikatan likita, yayyena da ƙannena na nan Baudeta, da waɗanda suka taso daga Tasawa, Korgom, Hawandawaki da Mayahi, ina gaishe ku. Ku kuma da za ku karanta wannan a waya daga Maraɗi, Damagaram ko Yamai, maganar ta fi shafarku, kuma zan faɗi dalili kafin in zauna.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Uwa ce za ta sayar da akuyarta tilo, ta hau kabu-kabu cikin dare, ta kai ɗanta likita don jikinsa ya yi zafi. Ita ce kuma, ranar da masu ɗigon shan inna suka shigo gari, za ta tura yaron bayan rumbu ta ce ba ya nan. Uwar ba ta sake ba, son da take yi wa ɗanta bai ragu ba. To me ke faruwa a ranta?

Amsar da aka saba ji a birni ita ce jahilci. Kalma ce mai daɗin faɗi, don in ka faɗe ta ka huta da tunani. Amma a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, wanda ya fi kowa ɗaga murya likita ne, Dokta Ibrahim Datti Ahmed. A Ingila ma likita ne, Andrew Wakefield, ya wallafa a 1998 cewa allurar ƙyanda, wadda muke cewa dussa, tana da alaƙa da wata larurar ƙwaƙwalwar yara. Aka bincika aka gano aikin ba na gaskiya ba ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka hana shi aikin likita. Binciken ra'ayi da gidauniyar Wellcome ta yi a ƙasashe sama da 140 a 2018 kuwa, Faransa ce ta zo kan gaba wajen shakka: mutum ɗaya cikin uku bai yarda allurar rigakafi ba ta da haɗari ba. Ai ba za a ce Faransawa ba su je lakwal ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa wannan ɗari-ɗarin cikin manyan barazana goma ga lafiyar duniya a 2019. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarinsa. A 2018 wata masaniya Bajamushiya, Cornelia Betsch, da abokan aikinta sun tara dalilan cikin biyar: yarda, ganin cewa cutar ta yi nisa, wahalar isa wurin allura, lissafin riba da hasara, da kishin sauran jama'a. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, masu cewa "har abada ba za a taɓa ɗana ba" ƙalilan ne. Mafi yawa suna tsakiya. Sun karɓi ta farko sun bar ta biyu, ko suna cewa sai bayan girbi, ko suna jira su ga yadda ɗan maƙwabci zai kwana. Waɗannan su ne mutanenmu, kuma da su ake iya magana.

Mu fara da yarda, don ita ce uwar sauran. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. An sare mu, jama'a, kuma ba sau ɗaya ba. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar jabu a nan Nijar, wadda ta shigo a matsayin kyauta daga ƙasar da ita kanta ta ɗauka mai kyau ce. A 1996, cikin wata annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma a ƙwaƙwalwar talaka duk allurar Bature ce. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ƙarya a Pakistan tana neman Osama bin Laden. A 2015 OMS ta yi gargaɗi kan allurar sanƙarau ta jabu da ke yawo a ƙasarmu. A Afrilun 2020 wasu likitoci biyu suka hau talabijin a Faransa suna shawarar a gwada maganin korona a Afirka, har shugaban OMS, Tedros, ya fito ya yi tir.

Duk wannan ya faru. Wanda ya zo gaban Baba ya ce masa "ba a taɓa cutar kowa ba", ya riga ya faɗi, don Baba yana sauraren rediyo tun ba a haife mu ba.

Akwai kuma tambayar da nake ji a kusan kowane zaure: "Yaro na masassara sai mun sayi magani, rijiya ta lalace ba mai zuwa, amma wannan ɗigon har ɗaka ake biyo mu da shi, kyauta. Mi sunka gani?" Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ji su. Tambaya ce ta mai hankali. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma uwa ta san sau nawa aka rubuta mata takarda aka ce ta je ta saya. Amsar gaskiya ita ce, shan inna cuta ce da duniya ta yi alkawarin shafewa baki ɗaya tun 1988, kuma muddin ta rage a gari guda, ƙasashen masu kuɗi ma ba su tsira ba. Suna da tasu riba a ciki. Ribarsu ba ta hana ƙafar ɗanka ta zama taka ba.

Tsoron da ya fi kowane kama zuciya shi ne na hana haihuwa. Shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka ji shugaban Faransa a 2017 yana kuka da matan Afirka masu haihuwar bakwai da takwas, ba abin mamaki ba ne su haɗa wannan da wancan. To amma wannan zargi ne da lokaci ya riga ya auna. Mu da muke da shekara ashirin da wani abu, mu ne yaran da aka yi ta ɗiga wa maganin nan a baki, zagaye bayan zagaye. Ku dubi sa'o'inmu na nan garin. Wace safiya ce ba a raɗa suna? Jihar Maraɗi har gobe tana cikin wuraren da aka fi haihuwa a duniya. In maganin hana haihuwa ne, to wallahi ba a taɓa yin wanda ya kai shi rashin aiki ba.

Dakatarwar Kano kuwa an biya kuɗinta da ƙafafun yara. Masu kamuwa da shan inna a Najeriya sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Mu da ke bakin iyakar Katsina, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya, ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan. Nijar ba ta fita jerin ƙasashen da cutar ke zaune da gindinta ba sai 2006.

Abu na biyu yana cikin yadda Allah ya halicci zuciyar mutum, ko ɗan boko ne ko manomi. Illar da ta biyo bayan abin da ka yi da hannunka ta fi yi maka ciwo a kan illar da ta same ka kana zaune. Masu bincike biyu, Ilana Ritov da Jonathan Baron, sun nuna haka tun 1990, kuma a kan rigakafin yara suka yi gwajin. In dussa ta kama yaro, za a ce ƙaddara, a zo a yi wa uwa jaje. In kuwa ita ta goya shi ta kai aka yi allura, dare ya yi jikinsa ya ɗau zafi, kowa ita zai kalla. Uwar miji za ta ce "ban hana ki ba?" Saboda haka ƙin zuwa ya fi mata sauƙi a rai, ko da ya fi haɗari ga yaron.

Ƙari a kan haka, zuciya na auna haɗari ne da abin da ido ya gani. Kumburin cinya bayan allurar sati 6 ana ganinsa, kukan dare ana jinsa. Amma sanƙarau ɗin da bai zo ba, wa ya gan shi? Ba a taɓa yin taro don yaro bai kamu da cuta ba. Kuma in aka yi wa yara dubu allura a cikin damina, lokacin da sauro ke kan ganiyarsa, dole wasu su kwanta da masassara a wannan satin, ko an yi musu ko ba a yi ba. Zakara na cara gari ya waye, amma ba shi ke fito da rana ba. Zafin jikin kwana ɗaya ko biyu da ke biyo allura alama ce jiki na koyon gane abokin gaba. Uwar da aka gaya wa haka tun kafin a tsira allurar, in ya faru sai ta ce "ai malama ta faɗa". Wadda ba a gaya wa ba, sai ta ce an ɓoye mata, kuma ba za ta dawo ta sati 10 da ta sati 14 ba.

Abu na uku, rigakafi in ya yi aiki shi ke share tsoron da ke kai mutane gare shi. Ku koma gida ku ce Kaka ta nuna muku damtsenta, za ku ga tabo. Lamba ke nan, ta agana, cutar da ke makantar da mutum ta bar masa zanzana a fuska. An fara gangamin kawar da ita a Afirka ta Yamma a 1967, aka ga ta ƙarshe a yankin a 1970, duniya ta yi ban kwana da ita a 1980. Yau ɗan shekara 20 bai san ma sunanta ba. Sanƙarau nau'in A, wanda ke ɗibar mutane duk rani, ya kusa ɓacewa bayan allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a ƙarshen 2010. Daga nan sai mutum ya fara cewa, to me ya rage? Cuta kuwa ba ta mantuwa. A 2015 nau'in C ya kama mutum kusan 8,500 a ƙasarmu, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai. Mashaƙo, da ƴan zamaninmu ba su san shi ba, ya dawo Kano a ƙarshen 2022, ya ɓulla Matamaye a 2023, nan gabas da mu. Cutar da allurar sati 6, 10 da 14 ke tarewa ce.

Abu na huɗu, mu daina magana kamar uwa ita kaɗai ke yanke shawara. Ita ke goyo, amma izini na hannun mai gida, mai gida kuma sau da yawa yana ci-rani a Kano, Legas, Agadas ko Libiya. Tsohuwa ce ke riƙe da gida, ita kuma ta raini takwas ba karne. Amarya ƴar shekara 17 ba za ta yi musu da uwar mijinta ba. Mutum kuma yana duban abin da ƴan uwansa ke yi kafin ya motsa. In matan gida biyar suka tafi awo tare, ta shida za ta bi ko don hira. In aka ce liman ya hana nasa, unguwa ta rufe ƙofa.

Wani abin da ake rubutawa a takarda "ta ƙi", a gaskiya "ta gaji" ne. Na taɓa raka wata ƙanwata wani ɗakin likita, ba a nan ba. Tun da sassafe ta yi tafiyar ƙasa da goyo, ta bar daka da ɗibar ruwa. Aka ce ba za a buɗe kwalbar allurar dussa ba sai yara sun taru, ta dawo wani sati. Kwalbar ta yara goma ce, in an haɗa ta kuma sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ma'aikaci ke jin tsoron a ce ya yi ɓarna. Na gane uzurinsa. Amma a gabana aka daka wa wata tsawa don karnenta ya jiƙe, aka ce wa wata "dubi yadda kika bar yaro ya rame" a gaban mata ashirin. Kunya tana hana zuwa likita fiye da jita-jita. Wadda aka kunyata sau ɗaya, in aka tambaye ta dalili ba za ta ce an wulaƙanta ni ba, za ta ce an ce allurar ba ta da kyau, don wannan amsar ta fi rufa mata asiri.

Akwai gwajin da Abhijit Banerjee da Esther Duflo suka yi da abokan aikinsu a ƙauyukan Udaipur na Indiya, aka wallafa a 2010. Inda ba a sake komai ba, yara 6 cikin 100 ne suka kammala allurarsu. Inda aka tabbatar ma'aikaci na zuwa a ranar da aka sa, ba fashi, suka kai 18. Inda aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na wani irin wake duk zuwa, suka kai 39. Mutumin da kilon wake ya sauya wa ra'ayi, da ma ba aƙida ce ta hana shi ba. Yinin da zai rasa ne yake lissafi.

Abu na biyar, tilas. In ka matsa wa mutum, ko abin da yake so ne sai ya ture, don ya nuna shi ma mutum ne. Masana sun ba wannan hali suna tun 1966, amma kowace uwa mai ɗan shekara 15 ta san shi. Mun gani a 2020, da aka rufe masallatai saboda korona ba tare da an zauna da jama'a sosai ba: matasa suka fito a Mirya da Yamai, aka ƙona tayoyi. Da allurar ta iso a Maris 2021, ta tarar da zukata a rufe. Wani lokaci kuma ƙin allura ita ce kaɗai sandar da talaka ke da ita. Ya ga abin nan dai hukuma na matuƙar so, sai ya ce ba za a yi ba sai an gyara famfo. Ina fahimtar fushin, kuma haƙƙinsa ne ya nemi ruwa. Amma wanda aka yi garkuwa da shi a wannan ciniki jariri ne da bai san famfo ba.

Sai maganar ƙaddara, malamai na nan za su gyara mini. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji annoba ta ɓarke can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Mu ma ai muna zuba taki, muna kafa rumbu a kan duwatsu saboda gara, ba mu ce wannan rashin tawakkali ba ne. Kuma duk alhajin da ya sauka garin nan, sai da aka yi masa allurar sanƙarau da ta shawara kafin ya hau jirgi, don Saudiyya ta shardanta. Ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda allura ba.

Yanzu na zo kanku, ƴan birni. Jita-jitar da ke hana allura a ƙauye, yawancinta ba a ƙauye ake ƙera ta ba. Ta waya take zuwa, saƙon murya a WhatsApp, an ce wani lokotoro ne a Turai ya tona asiri. Wa ya turo? Ɗan gidan da ke jami'a. A wurin Inna, abin da ya fito daga wayar ɗanta mai digiri ya fi na rediyo ƙarfi. An kuma tabbatar tun 1977 cewa magana in aka yi ta maimaita ta, ƙwaƙwalwa na fara ɗaukarta gaskiya, ko da ƙarya ce, don kawai ta saba da ita. Saƙo guda in ya shigo ta rukunin dangi, na fada da na tsofaffin ɗalibai, sai ka ji kamar shaidu uku ne, alhali mutum ɗaya ne a ɗakinsa. Ɗan boko kuma yana da tasa cutar: in ya shiga intanet yana neman "illar rigakafi", illar zai samu, ya fito yana ganin ya yi bincike. Ya tambayi abin da yake son ji ne aka ba shi.

To me ke sa mutum ya yarda? Mu koma Kano. Ba da bulala aka warware ba. An kafa kwamitoci suka je suka duba, aka kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, Gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa a Yulin 2004, daga baya sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka ɗauki aikin a kansu. Wasu sun biya da rayukansu: mata tara masu rigakafi aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mutum ya fi yarda da fuskar da zai sake gani gobe a kasuwa. Shi ya sa kalma ɗaya daga mai gari, ko ungozoma, ko mace mai wayar da kai ta cikin unguwa, ta fi fasta ɗari.

Za ku ce, in an gama da ita, me ya sa har yanzu ake zagayowa? Ga gaskiyar, gara ku ji ta daga nan. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Inda yara da yawa ba su samu ba, wannan raunanniyar na iya yawo daga yaro zuwa yaro tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa. An ga irin wannan a Nijar da Najeriya. Inda kusan kowa ya karɓa, ba ta samun wurin yawo. Wato giɓin da muka bari shi ke ba ta hanya.

A nan kishin jama'a ya shigo. Yaro ɗaya mai dussa na iya harbin 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya, kuma sai kusan 95 cikin 100 sun karɓa kafin gari ya tsira. Jaririn wata 4 bai isa allurar dussa ba, sai ya kai wata 9. Kafin nan, katangarsa ita ce ƴaƴan maƙwabta. Mu da muka san gayya, muka san ba a barin gonar maras lafiya ta yi ciyawa, wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Ilimin ma ba na Bature ba ne shi kaɗai. Wani bawa ɗan Afirka, Onesimus, shi ya gaya wa mutanen Boston yadda ake tsaga fata a sa ɗan ruwan agana don kariya, dabarar da ya sani daga gida, aka yi amfani da ita a annobar 1721, shekara 75 kafin Edward Jenner. MenAfriVac a Indiya aka yi ta, don Afirka, kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta daɗe tana yin allurar shawara. Cibiyar CERMES a Yamai, ƴan ƙasarmu ne ke bibiyar ƙwayoyin sanƙarau a cikinta. A Satumban 2024 kuma aka fara rigakafin masassarar cizon sauro a Gaya, cutar da iyayenmu suka daɗe suna tambaya me ya sa ba a kawo nata ba.

Ga abin da nake roƙo. In ka kira gida ranar Juma'a, bayan ka tambayi gero da lafiyar awaki, ka ce a duba maka karnen jariri, wace allura ta rage. In Inna ta ce tana tsoro, kada ka yi mata lacca, ka ce "Inna, me kika ji?" ka bar ta ta gama. Abin da ta faɗa na gaskiya ka amsa mata gaskiya ne, sannan ka ɗora naka. In mai gida na ci-rani, shi za ka kira, namiji da namiji, ya ba da izini ta waya. In kuɗin kabu-kabu ne matsala, jika guda da kake sa wa a intanet ta isa. In saƙon murya ya shigo, ka tambayi wanda ya turo: wane ne mai maganar, a ina yake aiki? In ba amsa, ya mutu a wayarka. Allura kuma a CSI ko wurin gangamin hukuma kawai, ba a hannun ɗan tebur ba, don darasin 1995 da 2015 ke nan.

Ga hukuma kuma, don yarda ba kyauta ba ce, ana gina ta. Muna so ranar allura ta zama rana tabbatacciya. A buɗe kwalba ko yaro ɗaya ne ya zo, kada a tuhumi ma'aikaci kan ragowar. A gaya wa uwa abin da zai biyo baya kafin a tsira allura, da harshenta. In yaro ya samu matsala bayan allura, a zo a bincika, a dawo a faɗa wa gari abin da aka gano. A biya masu zagayawa haƙƙinsu a kan lokaci. Kuma maganin masassara ya samu a inda ɗigon shan inna ke samuwa, don mutane su daina ganin ana tuna su ne kawai ranar da ake bukatar bakin ƴaƴansu. Za mu ci gaba da tambaya a mairi da gundumar lafiya ta Tasawa, cikin ladabi, ba gajiya.

Iyayena, ku yafe in na zarce. Mun gaji cewa rigakafi ya fi magani tun kafin a kawo mana allura. Allah ya raya mana yaranmu, ya tsare su daga dussa, sanƙarau, mashaƙo da shan inna, ya ba masu jinya lafiya.